Katsina Laka: Shin Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa Sun Cancanci Ratse?

Direban da ya taso daga Zariya zai tafi Gusau yakan bi ta Funtuwa, ya wuce Mairuwa da Sheme da 'Yankara, ya faɗa Tsafe, ƙafarsa a kan totur, fasinjojinsa suna ta salati. Ba mai cewa a tsaya a sha iska. Alhali kuwa a dama da hagun wannan titi ne Jihar Katsina ta ajiye mafi yawan ruwan samanta da itatuwanta da duwatsunta. Ƙanƙara tana hannun dama ta arewa, garin Faskari yana hannun hagu, Sabuwa kuma tana can kudu, ta bayan Ɗandume, a bakin iyakar Birnin Gwari.

A duniyar masu yawon buɗe ido, yanzu kasuwar wuraren da ba a cika sani ba ce ke ci. Mutane sun gaji da cunkoson manyan birane, suna neman lungun da zai sa matafiyi ya saki babban titi ya yi ratse. In an auna da wannan ma'auni, waɗannan ƙananan hukumomi uku suna da abin nunawa. Sai dai duk wanda ke sauraren labarai ya san da me aka fi jin sunayensu a 'yan shekarun nan. Don haka tambayar ta rabu biyu: me ke can da ya isa a je dominsa, kuma me zai sa zuwan ya yiwu?

Ƙasar da ruwa ya wadata

Tun da can, Katsinawa suna kiran kudancin ƙasarsu Katsina Laka, saboda ƙasar wurin mai nauyi ce, mai riƙe ruwa, saɓanin jigawar arewa. A wajen Jibiya da Kaita da Daura damina gajera ce, amma a Faskari da Sabuwa ruwan shekara yakan kai milimita 1,000, wani lokaci ya zarce. Wannan bambanci shi ne tushen komai. Shi ya sa gero ke sarauta a arewa, masara da dawa da auduga da waken suya da rake suka mamaye kudu. Shi ya sa kuma Gulbin Sakkwato, wanda ke ratsa Gusau har ya je ya haɗu da Gulbin Rima, ya samo tushensa daga tuddan da ke kusa da Funtuwa.

Ƙasar tana da faɗi. Faskari kaɗai ta kai murabba'in kilomita 1,750, Ƙanƙara ta haura 1,400, Sabuwa kuwa, wadda aka ƙirƙira a 1996, ta ɗan wuce 600. A ƙidayar 2006 mutanen ukun sun haura rabin miliyan. Wanda ya bi yankin a ƙarshen damina, daga Oktoba zuwa Disamba, zai ga dalilin da ya tara su: fadamu cike da shinkafa da rake, zangarniyar dawa ta sunkuya, gonakin auduga sun yi fari fat, ga manyan duwatsu sulɓaɓɓu sun taso daga tsakiyar gonaki, irin waɗanda suka jeru tun daga Faskari har Kwatarkwashi.

Dajin Kogo

Babban abin da yankin ke da shi, wanda babu irinsa a sauran jihar, shi ne dajin Kogo. Tsohon gandun daji ne da ke kudu maso yammacin Katsina, a ɓangaren Faskari da Sabuwa. Ba shi kaɗai yake tsaye ba. Ta yamma yana jingine da dajin Kuyambana na ƙasar Ɗansadau a Zamfara, ta kudu kuma ga dajin Kamuku na Birnin Gwari, wanda ya zama gandun namun daji na ƙasa a 1999, mai faɗin fiye da murabba'in kilomita 1,100. A taswira sunaye uku ne a jihohi uku. A ƙasa kuwa kusan daji ɗaya ne, dabba ba ta san inda iyaka take ba.

Itatuwan wannan shiyya su ne doka da maje da maɗaci da ƙirya da marke, ga kaɗanya da ɗorawa da tsamiya waɗanda mata ke cin abinci da su ta hanyar man kaɗe da daddawa. A Kamuku an san da giwa da gwanki da kanki da mazo da gada da gadu da bika, da tsuntsaye iri-iri. Yaron da ya tashi a birnin Katsina ko Kano, wanda bai san waɗannan sunaye ba sai a tatsuniya da karin magana, a nan zai iya ganin irin dajin da suka fito.

Gwamnatin Tarayya ta san darajar wurin. A ƙarshen 2020 Shugaba Muhammadu Buhari ya amince a ƙara gandayen namun daji na ƙasa guda 10 a kan bakwai da ake da su, kuma Kogo na cikinsu, tare da Falgore ta Kano da dausayin Haɗeja na Jigawa da Alawa ta Neja da Pandam ta Filato. Amma sa hannu a takarda daban, masu gadin daji da hanyar shiga da masauki daban. Gandun da ma'aikacinsa ba ya iya kwana a ciki, baƙo ba zai iya yini ba.

Kufai da sarautu

Mai sha'awar tarihi ma yana da rabo. Kafin jihadi, daular Katsina ta miƙa har cikin ƙasar da yau ake kira Zamfara, kuma kudancinta cike yake da garuruwa masu ganuwa da sarakunansu: Maska, wadda ta yi suna a saƙa da rini, da Gozaki, da Kogo, da Kwatarkwashi, da 'Yandoto. Marigayi Dakta Yusufu Bala Usman, a littafinsa na tarihin Katsina da ya fito a 1981, ya nuna irin nauyin da waɗannan garuruwa na kudu ke da shi a siyasa da tattalin arzikin daular. 'Yandoto, wadda yanzu take ƙasar Tsafe, maƙwabciyar Faskari, gari ne na malamai da ya shahara ƙarnuka kafin Shehu Usmanu. Riwayar Katsinawa ta ce daga can Sarkin Katsina Muhammadu Korau ya fito, kuma a farkon jihadi Muhammadu Bello ya ci garin da yaƙi.

Da yawa daga cikin waɗannan birane sun koma kufai ko ƙauyuka, amma sunayensu ba su mutu ba, sun koma rawuna. Hakimin Ƙanƙara shi ne Sarkin Pauwan Katsina, sunan tsohon garin Pauwa da ke cikin duwatsun yammacin ƙasar. Hakimin Faskari shi ne Sarkin Yamma. Kogo kuwa, bayan sunan tsohon birni da na daji, sarauta ce ta hakimin Sabuwa. Duk wanda ya taɓa kallon hawan Sallah a Katsina ya ga waɗannan hakimai sun wuce da jama'arsu, ko da bai san cewa kowane rawani yana da gari a bayansa ba.

Akwai kuma jama'ar da ke zaune a wurin. Hausawa manoma, Fulani makiyaya na ruga da na gida, da Maguzawa waɗanda ke da gidaje a sassan kudancin Katsina, ciki har da ƙasar Ƙanƙara, suna riƙe da al'adun noma da aure da magani waɗanda birni ya manta. Yankin bai rasa marubuta ba. Ibrahim Sheme, ɗan jarida kuma marubuci daga ƙasar Faskari, da Dakta Aliyu Ibrahim Ƙanƙara, suna cikin mutum huɗu da suka rubuta tarihin Alhaji Mamman Shata da aka buga a 2006, mawaƙin da ya yi wani babban yanki na rayuwarsa a Bakori da Funtuwa.

Farar ƙasar Ƙanƙara

Ka tambayi ɗalibin kimiyyar haɗa sinadarai a Jami'ar Ahmadu Bello me ya sani game da Ƙanƙara, zai ce maka farar ƙasa. Wannan ma'adini yana samuwa ne idan ruwa ya shafe dubban shekaru yana cin wani sashe na duwatsu masu tauri, har ya mayar da shi gari mai laushi, fari. Da ita ake yin tangaran da fenti da alli, ana sa ta a takarda da roba da magunguna, ana kuma iya fitar da alif daga cikinta don tace ruwan sha. Ta Ƙanƙara tana cikin waɗanda aka fi sani a Nijeriya, masu bincike sun yi rubuce-rubuce da dama a kanta, an ma taɓa kafa masana'antar tace ta a garin. Duk da haka, mafi yawan abin da ake haƙowa ɗanye ake lodawa a manyan motoci, a kai wani wuri a sarrafa, riba ta tsaya can.

Wani zai ce ina ruwan mai yawon buɗe ido da ramin haƙar ƙasa? A Sin, birnin Jingdezhen ya yi fiye da shekara 1,000 yana ƙera tangaran da irin wannan ƙasa, kuma yau baƙi na tururuwa don ganin matoyarsa da masu sana'arsa. A Ingila, a yankin Konwol, wani tsohon ramin farar ƙasa da aka gama haƙa aka mayar da shi katafaren lambun tsirrai mai suna Eden Project, aka buɗe shi a 2001, ya zama ɗaya daga cikin wuraren da aka fi ziyarta a yankin. Ƙanƙara ba ta buƙatar ta kai can kafin ta amfana. Ɗalibai su zo su ga yadda ake haƙa da wankewa da shanya, masu ginin tukwane su samu horo da wurin gasa kaya, wannan kaɗai ya isa ya ba garin wani suna na daban.

Auduga, dam da kasuwa

Daudawa, a ƙasar Faskari, ƙaramin gari ne mai babban tarihi a noman Arewa. A zamanin Turawa an kafa gonar yaɗa irin auduga a can, inda ake ninka ingantaccen iri kafin a raba wa manoma, aka kuma gwada tsarin zaunar da manoma masu huɗa da shanu. Layin dogo da ya tashi daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau ya isa Ƙauran Namoda a 1929, shi ya buɗe wa audugar yankin hanya zuwa teku, injinan gurza suka kafu a Funtuwa da Malumfashi, daga baya masaƙa ta biyo. Wanda ke son fahimtar yadda auduga ta gina garuruwan kudancin Katsina, da yadda mutuwar masaƙun Kaduna da Kano ta karya manominta, a wannan ƙasa zai ga labarin da idonsa.

Kusa da babban titi akwai madatsar ruwa ta Mairuwa, wadda aka gina don shayar da Funtuwa, masunta da masu noman rani suna cin moriyarta. Gaba kaɗan ga kasuwar Sheme, ɗaya daga cikin manyan kasuwannin dabbobi na jihar, inda dillalai da fatake daga nesa ke haɗuwa da Fulanin daji. A hanyar Sabuwa kuma ga kasuwar hatsi ta Ɗandume, wadda farashin masararta ke motsa farashi a birane masu nisa. Baƙon da ya yini a kara yana kallon yadda ake taya sa, ya ci tsire da fura da nono mai kyau, ya koyi abin da ba a koyarwa a aji.

Abin da ya tare hanya

A nan ne maganar ke ɗaci. Abubuwan da suka sa yankin ya cancanci ratse, wato nisa da duhun daji da duwatsu da zama a mahaɗar jihohi uku, su ne suka mayar da shi maɓoyar 'yan bindiga. Wanda ya yi ɓarna a Katsina yana iya kwana a Zamfara ya wayi gari a Kaduna bai fita daga inuwar itace ba, jami'an kowace jiha kuma iyakarsu iyakar jiharsu. Ta arewacin Ƙanƙara ma ga dajin Rugu da ya bi ta Ɗanmusa da Safana da Batsari.

Rikicin ya faro ne da satar shanu da faɗan gona da burtali, ya haɗu da zaluncin da makiyaya ke kuka da shi a hannun wasu masu iko, da ramuwar gayya tsakaninsu da 'yan sa-kai, da makaman da suka kwararo daga Sahel, har ya rikiɗe ya zama sana'ar garkuwa da mutane don kuɗin fansa. A watan Yuni 2020 an kashe mutane da dama a ƙauyen Kadisau na Faskari. A daren 11 ga Disamba 2020, lokacin Shugaba Buhari yana hutu a Daura, aka shiga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara aka kora ɗalibai cikin daji. An sako 344 ranar 17 ga watan. A cikin 'yan makonnin da aka sanar da ɗaga darajar dajin Kogo, duniya ta ji sunan yankin ta mafi munin hanya.

Gwamnati ta gwada sulhu, ta gwada ƙarfi. Gwamna Aminu Bello Masari ya shiga daji ya zauna da shugabannin 'yan bindiga a 2019, yarjejeniyar ba ta ɗore ba. A 2021 aka hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, aka dakatar da cinikin dabbobi a kasuwanni da dama, aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, ciki har da waɗannan uku. Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar da askarawan tsaron al'umma a Oktoba 2023. A 2025 kuma al'ummomin ƙananan hukumomi da dama suka yi zaman sulhu da mutanen daji. Ra'ayi ya rabu a kan wannan. Masu goyon baya suna cewa manomi ya koma gona, hanya ta buɗe. Masu suka suna cewa sulhun da ba a ajiye bindiga ba hutu ne kawai, kuma ɓarnar takan koma ƙasar maƙwabta. Kowane ɓangare yana da hujjar da ya gani da ido.

Darasi daga Cadi da Nijar

Ba a kan Katsina aka fara ba. Gandun Zakuma na ƙasar Cadi ya taɓa zama filin mafarauta masu bindiga a kan dawakai. Giwayensa sun faɗo daga kusan 4,000 a 2002 zuwa wajen 450 a 2010. A shekarar ce gwamnati ta damƙa kula da shi ga ƙungiyar African Parks. Aka horar da masu gadi, aka riƙa biyansu a kan kari, aka haɗa ƙauyukan kewaye da rediyon sadarwa, har mazauna suka ga cewa tsaron gandun tsaronsu ne. Giwaye suka koma haihuwa, baƙi suka dawo.

Kure ta Jamhuriyar Nijar, kusa da Yamai, ta nuna ɗaya fuskar. Raƙuman dawanta sun ragu zuwa kimanin 50 a 1996, kulawar gwamnati da ta ƙauyawa ta mayar da su fiye da 600, 'yan jagora na cin abinci da baƙi. Hari ɗaya a watan Agusta 2020, wanda ya ci rayukan Faransawa shida da 'yan Nijar biyu, ya tsayar da harkar cik. Abin da wuraren biyu ke koyarwa a fili yake. Tsaro ne ke gaba, kuma tsaron da ke ɗorewa shi ne wanda mutanen wurin ke da riba a cikinsa. Gina suna yana cin shekaru, rushe shi yini ɗaya ya isa.

Wa zai fara zuwa?

Kuskuren da hukumomin yawon buɗe ido ke yawan yi shi ne hangen Bature mai kyamara. Baƙon farko na Kogo da Pauwa da Daudawa ɗan gida ne: ɗalibin Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ko ta Tarayya da ke Dutsin-ma mai nazarin ƙasa ko tarihi, malamin makaranta da 'yan ajinsa, ɗan asalin yankin da ke aiki a Abuja yana son 'ya'yansa su ga garin kakanninsu, mai shirya fim ɗin Hausa da ya gaji da ɗaukar hoto a falo. In waɗannan suka je suka dawo lafiya sau da yawa, na nesa zai biyo sawu ba tare da talla ba.

Akwai aikin da ba ya jiran sai daji ya lafa. Dattawan da suka san tarihin Kogo da Pauwa, da sunayen duwatsu da rafuka da tsofaffin hanyoyin fatake, da yawansu gudun hijira ya kawo su Funtuwa da Malumfashi da Katsina. Ɗaukar maganarsu a rikoda ba ya buƙatar rakiyar soja, kuma kowace shekara ana rasa wasu. Hukumar tarihi da al'adu ta jiha da jami'o'i da masarauta suna iya haɗa hannu su yi wannan yanzu. Haka nan shata iyakar gandun Kogo, da hana sarar itace don gawayi da katako, da ware wa makiyaya burtali da mashaya a gefensa, da ɗaukar 'ya'yan manoma da na Fulanin yankin aikin gadi. Sannan dole Katsina da Zamfara da Kaduna su riƙa kallon Kogo da Kuyambana da Kamuku a matsayin daji ɗaya, tunda haka masu ɓarna ke kallonsa.

Ga mai niyyar zuwa a yanzu, shawara a taƙaice take. Kada a shiga daji ko kufai don yawon ganin ido. Wanda hulɗa ko zumunci ya kai shi garuruwan, ya tambayi mutanen wurin halin da hanya ke ciki a ranar tafiyarsa, ya tashi da hantsi ya koma kafin la'asar, ya bi motar tasha da direban da ya san hanya, ya sanar da mai gari ko mai masaukinsa zuwansa, kada ya yi ta ɗaukar hoton mutane ba izini.

Amsar tambayar ke nan. Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa sun cancanci ratse, domin suna da daji da dutse da tarihi da ma'adini da kasuwa waɗanda babu irinsu a sauran Jihar Katsina. Amma ranar da ya dace a gayyaci baƙo ita ce ranar da manomin Sabuwa zai kai dare a gonarsa ba fargaba, ɗalibin Ƙanƙara ya kwana a makaranta iyayensa su yi barci. Gwamnatocin jihohin uku da ta Tarayya su fara biyan wannan bashi, baƙi za su zo da ƙafarsu.